Daga Sakkwato zuwa ƙarƙashin teku: ina mai hoto zai nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Sakkwato, bukukuwan aure da naɗin sarauta su ne sana'ata. Na iya iyo tun ina yaro a Gulbin Rima, amma ban taɓa nutso da tulun iska ba. Na ɗan tara kuɗi ina son in je ƙasar da tekunta ke da ɗumi in ɗauko hotunan ƙarƙashin ruwa. Abokai na cewa Maldibs, wasu Zanzibar, a intanet kuma Indonesiya ake ta yabo. Wanne zan zaɓa, a wane wata, kuma in tafi da babbar kyamarata ta aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Cikin ukun nan da ka lissafa babu inda zan tura ka a tafiyar farko. Bahar Maliya zan ce ka nufa, ɓangaren Masar, ka sauka a wuri ɗaya a bakin teku, ko Dahab ko yankin Marsa Alam, ka yi kwana goma ko sati biyu ba ka sauya masauki ba. Kwanakin farko ka shiga ruwa hannu rabbana, ba kyamara, sai koyo. Sauran kwanakin ka riƙe ƙaramar kyamara ka riƙa komawa dutsen murjani guda safe da yamma, har ka san ramin da kowane kifi ke kwana. Babbar kyamararka ta biki kuma ta zauna a gida, ko ka tafi da ita don hotunan kan tudu kawai. Na san ba abin da ka so ji ba ke nan, don haka ga dalilaina.

Iyon da ka koya a Rima ba ƙaramin jari ba ne. A kwas ɗin farko, wanda PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, ke kira Open Water, takwararta SSI ma tana da irinsa, sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 a saman ruwa ba ka dafa komai ba. Nan ne mutane da yawa ke jigata, kai kuwa ba zai dame ka ba. Abin da zai dame ka shi ne ɗabi'ar da gulbi ya koya maka. Ka ga yadda masunta ke yi a Matan Fada ranar bikin Argungu: a ja numfashi, a riƙe, a nutse, a lalubo kifi, a taso. Da tulun iska a bayanka, wannan riƙon numfashin shi ke kisa. Kowane mita 10 na zurfi yana ɗora maka matsi daidai da na dukkan iskar da ke kanmu a tudu, saboda haka iskar da ka shaƙa a mita 10 za ta ninka girmanta biyu kafin ka iso sama. In ka toshe mata hanyar fita, huhu ne zai yage. Mai hoto kuma ya fi kowa faɗawa wannan tarkon, domin a tudu mun saba ɗauke numfashi daidai lokacin danna maɓalli don kada hannu ya girgiza. Sai jikinka ya manta da wannan kafin a ba ka abin dannawa.

Kwas ɗin kwana uku zuwa huɗu ne, da nutso huɗu a teku, ya ba ka izinin zurfin mita 18. Na gaba da shi, Advanced, kwana biyu ne, ya kai ka mita 30. Takarda dai ke nan. Abin da hoto ke buƙata ba ya cikin takardar: ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ka yin ƙasa ba ka yin sama, ba ka fafutuka da hannu, numfashinka kaɗai ke ɗaga ka ko sauke ka da 'yan santimita. Wanda bai kai nan ba in aka miƙa masa kyamara, zai tayar da yashi da ƙafa ya ɓata hotonsa da na wanda ke bayansa, zai dafa murjanin da ya yi shekaru yana girma ya karya shi, ga shi idonsa na kan allo ya manta da agogon iskarsa. Na ga ƙwararrun masu hoto, waɗanda suka fi ni sanin haske nesa ba kusa ba, sun dawo daga tafiya mai tsada babu abin nunawa, ba don komai ba sai don jikinsu bai zauna a ruwa ba. Shi ya sa duk wurin da aka ambata min, abin da nake fara tambaya shi ne ko ruwansa zai bar sabon shiga ya natsu.

Sai batun haske, inda saninka zai yi maka rana, amma da sabon lissafi. Ruwa na cinye launi bi da bi. Ja ne ke fara tafiya, wajen mita 5 ya dusashe, ruwan lemo ya bi shi wajen mita 10, ruwan ɗorawa wajen mita 20, daga nan sai shuɗi da ɗan kore. Kuma ba zurfi kaɗai ake ƙirgawa ba, har da tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, tunda hasken filasha sai ya je ya dawo. Filasha komai tsadarta, in aka wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta daina ba da launi na kirki. Dogon lens ɗin nan naka da kake jawo amarya da shi daga ƙarshen rumfa ba shi da aiki a can. Kai ne za ka kai kanka kusa, irin kusan da a tudu za a ce ka cika shisshigi. Ban da haka, ruwan teku cike yake da ɓurɓushi da ƙananan halittu. In filasha na manne da kyamara tana haska gaba kai tsaye, duk ɓurɓushin nan zai mayar maka da haske cikin lens, hoto ya fito da fararen ɗigo-ɗigo. Ka san yadda babbar fitilar mota ke yi da dare a hanyar Illela cikin hazon hunturu, kana ƙara haske kana ƙara rufe wa kanka gani. Maganinsa a ɗora filasha kan dogayen hannuwa a ware ta gefe, ta yadda bakin hasken ne kawai zai taɓa abin da ake ɗauka.

Daga nan za ka gane me ya sa ba na ba zurfi muhimmanci. A mita 30 iskar tulu na ƙarewa ninki huɗu a kan yadda take ƙarewa a sama, kuma jadawalin PADI minti 20 kacal ya ba ka a wannan zurfin kafin nitirojin ya taru a jiki fiye da ƙima. A mita 18 minti 56 ne. A mita 12 ya haura awa biyu, tulun ne ma zai riga ƙarewa. Tsakanin mita 5 da 15 akwai hasken rana, akwai sauran launi, akwai lokacin da za ka tsaya gaban kifi ɗaya ka jira ya juyo.

Kafin zaɓen ƙasa kuma, ka yanke irin hoton da kake nema, domin a ruwa ba a sauya lens. Abin da ka ɗaura a ɗaki da shi za ka gama nutson. Akwai hoto mai faɗi: dutsen murjani da rana na ratso shi, garken kifi, kunkuru, jirgin da ya nutse. Wannan yana son ruwa garau. Akwai kuma makro, wato ɗaukar ƙananan halittu daga tazarar 'yan santimita, wanda bai damu da garau ɗin ruwa ba tunda ruwan da ke tsakaninka da abin kaɗan ne. Wuraren da suka yi suna a ɗaya sau da yawa ba su da wani abin kirki a ɗayan, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗinsu: a je neman manyan kifaye a wurin ƙanana, a dawo ana ƙorafi.

Bahar Maliya dai ba baƙuwarmu ba ce, Jiddan da alhazanmu ke sauka a bakinta take. Hamada ce ta sa ta a tsakiya gabas da yamma, babu wani babban kogi da ke zuba laka a cikinta, ruwan sama kuma ba ya taka kara ya karya. Wannan ya sa ruwanta garau yake, ana hangen mita 20 zuwa 30 a ranar da ba ta da wani abin mamaki. Rana na ƙone ruwan babu mai mayarwa, don haka gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, alhali na sauran tekuna wajen 35 ne. Za ka ga an ƙara maka dalma a ɗamara don ka iya sauka. Murjanin kuma tun daga gaɓa yake farawa. Zafin teku ya ƙone murjani a wurare da yawa a 1998 da 2016, a Afrilun 2024 kuma hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da zagaye na huɗu na wannan masifa a faɗin duniya, amma murjanin arewacin Bahar Maliya, musamman na mashigin Aƙaba inda Dahab take, an san shi da jure zafi fiye da na galibin wurare.

Dahab ƙaramin gari ne a Sina'i, kuma kusan duk nutsonta daga gaɓa ake shiga. A zuba kaya a bayan a-kori-kura, a kai ka bakin ruwa, ka taka da ƙafarka ka shiga. Babu jirgin da ke jiranka, babu mai buga ƙararrawa. Lighthouse a cikin gari yake, kuma nan ake koyar da mafi yawan ɗalibai. Eel Garden fili ne na farin yashi da wasu siraran kifaye ke tsaye a cikinsa suna rangaji, da ka matso su shige. Darasin haƙuri ne mai kyau ga mai kyamara. Akwai Blue Hole, rami mai zurfin kusan mita 100 da ya ci rayuka da dama, galibi na waɗanda suka yi kwaɗayin ratsa wata ƙofa da ke wajen mita 55. Gefensa na sama lafiya lau ne tare da jagora, ƙasan kuwa ba naka ba ne, ko wa ya zuga ka. Aibin Dahab iska ce, wani lokaci takan hana shiga wasu wuraren.

Marsa Alam tana kudu, a gaɓar Masar ta ɓangaren Afirka, kuma in hoto zalla ake magana ita na fi so. Masaukai da yawa a can suna da dutsen murjani a ƙofarsu, wasu ma in kana da takarda da abokin nutso sai ka ɗauki tulu ka shiga duk lokacin da ka ga dama. A Abu Dabbab akwai filin ciyawar teku mara zurfi inda manyan kunkuru ke kiwo ba su damu da mutum ba, in ka yi sa'a kuma ka haɗu da dugon, ɗan'uwan ayun kogunanmu. A Sha'ab Samadai akwai garken dolfin. Sai dai wurin babu gari, daga masauki sai hamada.

Sauran manyan sunayen Masar ka ajiye su zuwa gaba. Ras Muhammad, gandun teku na farko da ƙasar ta keɓe a 1983, daga Sharm el-Sheikh ake zuwa da jirgin yini, kuma a ƙarshen tafiyarka in malaminka ya yarda za ka iya leƙawa. A can ne kayan banɗaki da jirgin Yolanda ya zubar a 1980 ke warwatse a ƙasa, kowa sai ya ɗauke su hoto. Thistlegorm, jirgin dakon kayan sojan Ingila da Jamusawa suka nutsar a Oktoban 1941, wanda Jacques Cousteau ya gano a shekarun 1950, har yau babura da manyan motoci na jere a cikinsa, amma yana wajen mita 30, ga jan ruwa ga cunkoso. Brothers da Daedalus da Elphinstone kuwa, inda ake zuwa don manyan shak, kifayen nan masu farauta da kaifin haƙori, tsakiyar teku ne. Na biyun farko galibi sai ka nuna nutso 50 a littafinka kafin a kai ka.

Akwai kuma sauƙin da ba na ruwa ba. EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira, daga nan jirgin cikin gida zuwa Sharm ko Hurghada ko Marsa Alam. Abinci halal ne, masallaci na kusa, ɗan Larabcin makarantar allo da na Islamiyya zai fisshe ka a kasuwa. Biza tun daga gida ake nema, katin rigakafin shawara kuma kada ya bar jakarka. Abu ɗaya: na san masu hoton biki yanzu ba sa rabuwa da jirgi mara matuƙi. Kada ka kuskura ka shiga Masar da shi, haramun ne ba tare da izini ba, za a ƙwace a filin jirgi, ƙila ma abin ya wuce ƙwacewa.

To, Maldibs da abokanka ke so fa? Wuri ne mai kyau, ƙasar Musulmi, ana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi, kuma tun wajen 2009 da aka yarda mutanen gari su buɗe masaukai a tsibiransu irin su Maafushi da Dhigurah, ba dole ne sai otal ɗin attajirai ba. Amma abin da ya sa ta yi suna shi ne abin da zai wahalar da kai. Tsibiran zobe-zobe ne, ruwa na shiga yana fita ta mashigai da ƙarfin gaske, kuma a bakin waɗannan mashigai shak da manta, wani ƙaton kifi mai faɗi kamar mai fukafukai, ke taruwa. Sau da yawa saukar gaggawa ake yi zuwa mita 25 ko 30, a maƙale ƙugiya a dutse, ruwa na kaɗa mutum. Sabon shiga da kyamara a hannu a irin wannan wurin, neman kansa yake yi ba hoto ba. Sannan akwai abin da ba a faɗa wa baƙo: manta abinci take bi, abincinta kuma ƙananan halittun nan ne da ke dagula ruwa. Daga Disamba zuwa Afrilu teku ta fi kwanciya, daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ke tara abincin a gabashin tsibiran, lokacin ne manta ke cika gaɓar Hanifaru a tsibiran Baa. Hanifarun ma an hana nutso da tulu, daga sama ake kallo da bututun numfashi. In wannan hoton ne a ranka, to ba ka ma buƙatar kwas. Tafiya ta uku ce ko ta huɗu.

Zanzibar ba zan daɗe a kanta ba. Ethiopian Airlines na kai wa ta Addis Ababa, ana koyon nutso cikin kwanciyar hankali a kewayen tsibirin Mnemba, akwai kunkuru da dolfin, ga Stone Town da zai cika maka kati da hotunan kan tudu. In da iyali za ka je, hutu rabi nutso rabi, to ita ce. Amma murjaninta bai kai na Masar ba, jirage na cunkushewa a Mnemba, maƙwabciyarta Pemba kuma da ta fi kyau jan ruwanta ba na ɗalibi ba ne. Kada ka je daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi. Mai fasfo ɗin Najeriya kuma ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ya jira amincewa.

Indonesiya kuwa yabon da ake mata gaskiya ne. Raja Ampat na da kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in murjani mai tauri da aka sani a duniya, da kifaye sama da nau'i 1,500. A Cape Kri masanin kifi Gerald Allen ya ƙirga nau'i 374 a nutso ɗaya a 2012. Sai dai daga Sakkwato sai ka bi Abuja, ka bi wata ƙasar Larabawa ko Habasha, ka sauka Jakarta, ka sake tashi zuwa Sorong, sannan jirgin ruwa. Ga tsada ga jan ruwa, kuma Indonesiya ta daɗe da sa Najeriya cikin ƙasashen da bizarsu ke buƙatar ƙarin tantancewa. Wanda nake so ka riƙe a ranka shi ne mashigin Lembeh a arewacin Sulawesi. In ka leƙa ba za ka ga komai ba sai baƙin yashin dutse mai aman wuta da tarkace, ruwan ma ba garau ba. A cikin wannan yashin ne oktofus, dabbar nan mai hannuwa takwas, mai kwaikwayon wasu halittu yake, da kifin kwaɗo mai gashi, da dokin teku da bai kai santimita 2 ba. Ruwan a kwance yake, jagororin kuma idonsu ya wuce misali. In ka dawo daga Masar ka ga makro ne ya kama zuciyarka, Lembeh ko Anilao ta Filifin ita ce tafiya ta biyu. (Za ka ce me ya hana namu tekun na kusa? Neja da sauran koguna na zuba laka a mashigin Gini, ga ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa a wasu watanni, don haka murjani bai kafu ba. Ana nutso a Legas kan jiragen da suka nutse, amma hangen gajere ne.)

Bayan zaɓen ƙasa, masaukin da ka zaɓa ya fi tasiri a kan hotonka fiye da yadda kake zato. Ka rubuta musu kafin ka biya ko sisi. Akwai dutsen murjani a ƙofarsu da ake shiga ba jirgi? Mutum nawa ake haɗa wa jagora ɗaya? In takwas ne, za ka wuni kana bin ƙafafun mutane. Huɗu ko ƙasa da haka kake nema, in aljihu ya yarda ma ka ɗauki jagoranka kai kaɗai na kwana biyu, ya fi sayen sabon lens amfani. Minti nawa suke bari a nutso ɗaya? Akwai randar ruwan daɗi ta wanke kyamara daban da ta wanke takalma? Akwai oksijin a jirginsu, kuma ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake jinyar wanda ciwon nutso ya kama, yana ina? Sharm da Hurghada duk suna da shi. Wanda ya yi maka kwana-kwana a wannan tambayar ta ƙarshe, ka bar shi. Jirgin kwana, wanda ake zama a cikinsa sati guda ana nutso uku zuwa huɗu a rana, shi ne burin masu hoto, amma ba yanzu ba. In lokacinsa ya yi ma ka bincika tarihin jirgin sosai, domin an yi gobara da kifewa a Bahar Maliya a 'yan shekarun nan, ciki har da wanda ya kife kusa da Marsa Alam a Nuwamban 2024 aka rasa rayuka.

Watan tafiya: Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa Nuwamba. Turawa na gudun zafin Masar na Yuli da Agusta, wanda Basakkwace zai yi wa dariya, kuma lokacin ɗumin ruwa na kai maki 28 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyas. Abin da za ka guda shi ne Janairu da Fabrairu, lokacin da ruwa ke sauka zuwa 21 ko 22. A tudu wannan ba sanyi ba ne, amma ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, mai hoto kuma ba ya motsi sosai. Kafin minti arba'in hannunka na rawa ko da rigar roba mai kauri. Ka kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfar nitirojin, wato ciwon nutso da ke kama mutum in nitirojin da ya taru a jikinsa ya zama kumfa bayan ya taso, iskar tulu kuma busasshiya ce, tana ƙara ƙishi.

Yanzu kyamara. Kowace babbar kyamara da gidanta na ruwa da aka ƙera mata ita kaɗai, irin na Nauticam ko Ikelite, sannan murfin gaba mai ƙoƙo don lens mai faɗi, wani mai lebur don makro, filasha biyu, hannuwa, wayoyi. In ka haɗa lissafi ya wuce kuɗin kyamarar kanta, da dala kuma. Ranar da ruwan gishiri ya shiga, ba gyara, kuma kyamarar da kake ci da iyali da ita ce. Ka sayi Tough TG-6 ko TG-7 na Olympus, wanda yanzu ake kira OM System. Ita kanta tana jure mita 15 ba gida, da gidanta kuma mita 45, saboda haka ko gidan ya yi yoyo ba ka yi asara ba. Tana ɗaukar RAW, makronta kuma ya ba manya kunya. Ka ƙara mata filasha ɗaya a kan hannu. GoPro ta bidiyo ce, kada ka dogara da ita don hoton bugawa. Duk abin da ka riƙe, zoben robar da ke rufe ƙofar gidan shi ne ransa: gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Mu da ƙura ke shigar mana har cikin akwati, a rufaffen ɗaki za ka buɗe shi, ka goge, ka shafa ɗan man silikon, ka duba da fitila. Nutson farko ka shiga da gidan babu kyamara, da 'yar takarda a ciki, ka ga ko ta jiƙe. Tun kana gida ka sa kyamarar cikin gidanta ka yi ta ɗaukar yara da kaji har yatsunka su haddace maɓallan. Batura kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da su. Gemu ba ya hana komai, gashin baki ne ke sa gilashin fuska yoyo. Ka rage na ƙarƙashin hanci kaɗan.

Kafin duk wannan, likita. Za a ba ka takardar tambayoyin lafiya, kada ka cika ta da a'a daga sama har ƙasa don ka wuce. Mai sikila, wato SS, ba ya nutso da tulu, wannan babu ja-in-ja. Mai AS ya faɗa wa likitan da ya san harkar nutso ya yanke. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon suga, duk sai da sa hannun likita. In za a ba ka maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ka ce nutso za ka yi, domin ana kauce wa mefulokwin: jirin da yake sawa na kama da alamun ciwon nutso. Mura ma ba abin rainawa ba ce, in hanci ya toshe kunne ba zai daidaita da matsi ba, kuma yi wa kunne dole na fasa dodonsa. Ka sayi inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, domin jinya a ɗakin matsin iska ba kuɗin aljihu ba ce.

Ka bar ranar ƙarshe babu nutso. Shawarar DAN ita ce aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni awa 24 nake ba kowa. Hawa dutse ma hukuncinsa ɗaya da jirgi. In Dahab ka sauka, na tabbata ranka zai biya ka ziyarci Ɗuri Sina, kuma masu motocin haya za su yi ta tallata maka tafiyar dare don ganin fitowar rana. Tsayin dutsen mita 2,285 ne. Ka hau shi a ranakun farko kafin ka fara shiga ruwa, ko kuma sai ka cika awa 24 da fitowa daga nutsonka na ƙarshe.